Littafin aikin na'urar leƙen oksijin a cikin tsokar cinya

8 ga Satumba

Yau dai na yanke shawarar in riƙa rubuta duk abinda nake yi kan aikin nan da kwanan watansa, don na gaji da in canza abu yau, jibi in rasa me na canza. Abinda nake son haɗawa ƴar ƙaramar na'ura ce da za a manna a cinyar mutum yana kan keken motsa jiki, ta riƙa nuna yadda oksijin ke sauka da hawa a cikin tsokar kanta. Sunan hanyar a taƙaice NIRS, wato awo da hasken da ke gaba da ja kaɗan wanda ido baya gani.

Ƙanena ne silar abin. Shi ɗan tseren keke ne, wata rana yana atisaye ƙafarsa ta ƙi, ya saka abin awon oksijin na yatsa yaga 98, sai yace min "Yaya to in oksijin ɗina a cike yake me yasa cinyata ke ci da wuta?" Amsar ita ce abin yatsa jinin da ya fito daga huhu yake karantawa, wanda ke bugawa a jijiya kafin ya isa wurin aiki, shi kuwa wannan kusan kullum a cike yake ga mai lafiya. Abinda ke faruwa a can cikin ƙananan hanyoyin jini na tsoka, inda ake sauke oksijin ɗin ana ƙonawa, yatsa bai san da shi ba sam.

Dabarar kuwa mai sauƙin fahimta ce. Ka haska tocila a tafin hannunka cikin duhu, ja zaka gani ya ratso. Hasken da ke gaba da jan kaɗan, wanda ido baya gani, mai tsawon zango wajen nanomita 700 zuwa 900, shi yafi ratsa nama, ƙasa da haka jini ya shanye shi, sama da haka ruwan jiki ya shanye. Himogulobin shine sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, wanda ya sauke oksijin yafi shan haske a wajen 760, wanda ke ɗauke da oksijin yafi sha a wajen 850, a kusa da 800 kuma sun yi kunnen doki. To in ka aika launi biyu ka auna nawa ya dawo daga kowanne, lissafi zai raba maka su. Frans Jöbsis na jami'ar Duke a Amurka shi ya nuna haka a 1977, kuma tun 1937 Glenn Millikan ya auna oksijin a tsokar kyanwa da haske, kenan ba sabon abu nake ƙirƙira ba, so nake in gane shi da hannuna.

Kayan da ke gabana: fitilar LED ta 760 da ta 850, fotodayod ɗaya mai karɓar hasken da ya dawo, amfilifaya mai ƙara ƙarfin sigina, da allon ESP32 da zai tura lambobi zuwa kwamfuta.

15 ga Satumba

Na liƙa komai da dalma, na saka tazarar santimita 3 tsakanin fitilun da fotodayod. Ƙa'idar da kowa ke bi ita ce haske na nutsewa kusan rabin tazarar, wato ni santimita ɗaya da rabi zan samu, kuma ba a miƙe yake tafiya ba, lanƙwasa yake yi ya shiga ya fito. Na ɗora a damtsena, lambobi suna ta tsalle kamar ba gobe. Ashe hasken ɗaki ne ke shiga ta gefe, in na ɗaga hannu kusa da taga layin ya tashi sama, in na juya baya ya faɗo.

Gyara biyu nayi. Na yanko baƙar roba mai laushi na zagaye sensa, wato fitilun da fotodayod ɗin, da ita, na kuma saka katanga tsakanin fitila da fotodayod don kar haske ya bi saman fata ya tsallake kai tsaye. Sannan a manhaja na sa zagaye uku: kunna 760 a karanta, kunna 850 a karanta, kashe duka a karanta duhu, sai a cire na duhun daga sauran biyun.

17 ga Satumba

Kai yau naji daɗi wallahi. Na ɗaure sensa da bandeji baƙi na zauna shiru, sai ga ƴan ƙananan tudu a layin 850 suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, na dafa wuyana na ƙirga, daidai da bugun zuciyata. Wannan na nufin hasken ya shiga jini ya dawo. Na dunƙule hannu da ƙarfi na riƙe daƙiƙa talatin, layin mara oksijin ya hau, na mai oksijin ya sauka, na saki suka juya har suka wuce inda suka fara kafin su dawo a hankali. Nayi sau biyar ina kallo.

Abu ɗaya da na lura, mintunan farko bayan kunnawa layin na zamewa shi kaɗai ko a kan tebur ne, fitilun ke ɗumi haskensu na canzawa. Daga yau sai na barta a kunne minti goma kafin kowane gwaji.

26 ga Satumba

Makon nan lissafi ne ya cinye. Dokar Beer-Lambert, wadda ke lissafa yawan abu daga hasken da ya shanye, ta asali an yi ta ne don ruwa mai tsabta a kwalba inda haske ke wucewa a miƙe, nama kuwa watsa haske yake yi ta ko'ina, shi yasa David Delpy da abokan aikinsa a Landan suka gyara dokar a 1988 suka ƙara lambar da ke nuna ninkin tsawon hanyar da hasken ya bi. A tsoka ana yawan saka 4, kenan santimita 3 ɗina a zahiri hasken yawon kusan santimita 12 yake yi a ciki kafin ya fito.

Anan ne na gane iyakar na'urata, kuma gara in rubuta shi baro-baro. Da fotodayod ɗaya a tazara ɗaya, canji kawai nake iya aunawa daga inda na fara. Zan iya cewa ya sauka da kaza, bazan iya cewa yanzu tsokar na kan kashi 60 cikin 100 ba, don ban san nawa ne hasken da ya ɓace saboda watsewa ba. Na'urorin kasuwa da ke bada kaso suna amfani da tazara fiye da ɗaya ne, PortaMon na kamfanin Artinis na Holan yana da milimita 30, 35 da 40, Moxy kuma launin haske huɗu yake aikawa zuwa masu karɓa biyu. Sai kuma abu na biyu, mayogulobin da ke cikin ƙwayoyin tsoka shima yana riƙe oksijin kuma yana shan haske kusan iri ɗaya da himogulobin, ba yadda za ayi a raba su da wannan hanya, har yau masana na jayayya kan kason kowanne a cikin siginar. To a fayil ɗina na canza sunan layukan, na daina rubuta himogulobin shi kaɗai.

4 ga Oktoba

Gwajin farko a kan keke. Malam, wanda ke koyar da ilimin aikin gaɓoɓin jiki, ya bamu aron ɗakin gwajinsa da keken da ake saita wat, wato nauyin feda, a kai. Wurin da na zaɓa shine babbar tsokar gefen cinya ta waje, kamar tafin hannu ɗaya da rabi sama da gwiwa. Mun aske gashin wurin, mun goge, na zana da maka don gobe in maida daidai gurbin.

Ƙanena ya fara, ɗumama jiki sannan ana ƙara wat 25 duk minti har ya gaza. Daƙiƙun farko da ya fara taka feda jimillar jinin wurin ta faɗi, tsoka ce ke matse jijiyoyi tana korar jini, sai bayan kamar daƙiƙa goma layin mara oksijin ya fara hawa. Yayi ta hawa da kowane ƙarin nauyi, can wajen ƙarshe sai ya kwanta ya daina hawa alhali shi yana ta haki kamar zai faɗi. Malam ya nuna da biro yace "ka ga nan? Wannan lanƙwasar an sha rubutu a kanta, tana yawan zuwa kusa da lokacin da numfashi ke kufce wa mutum." Da ya tsaya kuwa oksijin ya dawo da gudu ya zarce mafari.

Siginar cike take da haƙora saboda feda, juyi 80 a minti na bada motsi sau ɗaya da ɗan ƙari a kowace daƙiƙa, amma wannan matacin da ke cikin manhaja ya share shi. Wanda ya dame ni gumi ne, a minti na goma filasta ta saki gefe ɗaya layin yayi tsalle.

Sai ni na hau. Nayi iya yina har ƙafata na rawa, amma layina da ƙyar ya motsa, bai kai kashi ɗaya cikin uku na nasa ba. Na koma gida da tunanin ko dai tsokata ce bata iya jan oksijin, ko kuma na'urar ce ta lalace tsakanin gwajinsa da nawa.

11 ga Oktoba

Ba ko ɗaya daga ciki. Malam ya ɗauko abin tsunkule fata na awon kitse, ya kama fatar cinyata daidai inda zanen maka yake, ya karanta milimita 18, a raba biyu kenan fata da kitse 9. Na ƙanena 7 ne, wato 3 da rabi. Yace "to lissafa da kanka, haskenka milimita 15 yake nutsewa." Shikenan na gane. A cinyata fiye da rabin tafiyar hasken a cikin kitse take ƙarewa, kitse kuma jininsa kaɗan ne kuma baya ƙona oksijin don ana taka feda, shi kuwa ƙanena kusan duk tafiyar a cikin tsoka take. Na'ura ɗaya, wuri ɗaya, amma abu biyu daban take kallo.

Wannan ya tsaya min a rai sosai don na sha ganin mutane suna kwatanta lambarsu da ta wani, wannan yace nawa ya sauka zuwa 20 wancan yace ni ban taɓa yin ƙasa da 55 ba, har mai 55 ya ɗauka shi ne rago. Mai yiwuwa kaurin abinda ke saman tsokarsu kawai suke kwatantawa basu sani ba.

Maganin da aka sani shine a nemo ƙasa da sama na kowane mutum a ƙafarsa. Ana ɗaura faffaɗan maɗaurin awon jini a saman cinya, a hura shi ya wuce ƙarfin bugun jini sosai, wajen 250 zuwa 300 a ma'aunin mmHg, jini ya daina shiga gaba ɗaya. Tsoka zata cigaba da cin oksijin ɗin da ya rage har layin ya kwanta, wannan shine sifili. A saki, jini ya kwararo da yawa, ƙololuwar da ya kai ita ce 100. Duk abinda aka auna a keke sai a maida shi tsakanin biyun.

18 ga Oktoba

Mun yi ɗaurin. Kafin komai Malam yayi mana tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, ko akwai mai tarihin daskarewar jini a jijiya, hawan jini, ciwon suga, kuma yace ba a yi sai yana tsaye a wurin. Na rubuta wannan da gangan, duk wanda zai bi sawun aikin nan kar ya ɗaure ƙafarsa shi kaɗai.

Karon farko bai yi ba. Da famfon hannu muka hura, ya ɗauki kusan daƙiƙa goma sha biyar kafin ya kai, a tsakanin nan jijiyoyin da ke maida jini sun riga sun toshe tunda su matsi kaɗan ke rufe su, masu kawowa kuma suna ta turowa, sai jini ya taru a cinyar jimillar ta kumbura ta ɓata awon. Muka huta rabin awa muka sake da tankin iska mai bawul wanda ke cika maɗaurin cikin ƙiftawar ido. Wannan karon jimillar ta tsaya kusan cak, layukan biyu suka rabu kamar almakashi, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Minti biyar ɗin nan suna da tsawo. Minti na farko matsi ne kawai, a na uku ƙafar ta yi nauyi ta fara tsira kamar ana soka allura, yatsun suka yi sanyi. Ina kallon allo layin na sauka a miƙe sannan ya fara lanƙwasa a hankali ya kwanta. Da aka buɗe bawul wani zafi ya gangaro har tafin ƙafa, a allo kuma layin ya miƙe tsaye, cikin ƙasa da rabin minti ya wuce mafari nesa.

Da dare na sake lissafa gwajin ranar 4 da sabon ma'auni, tunda gurbin sensa ɗaya ne, duk da na san daidai shine ayi ɗaurin a rana ɗaya ba tare da an cire sensa ba. Tazarar da ke tsakanina da ƙanena ta ragu sosai. Har yanzu ya fini sauka, kuma haka ya kamata ga mai atisaye kullum, amma ba ninki uku ba. Na tura masa hoton, ya amsa "Yaya ashe ƙafarka na aiki."

29 ga Oktoba

Maganar fata. Wani ɗalibin Malam ya yarda a gwada shi, fatarsa tafi tamu haske nesa ba kusa ba, kuma da na ɗora masa sensa hasken da ke dawowa ya ninka nawa, musamman a 760. Melanin, sinadarin da ke ba fata duhu, ke shan hasken tun a ƙofar shiga sannan ya sake sha a ƙofar fita, kuma yafi shan gajeren zango, shi yasa 760 tafi wahala akan 850. A lissafin canji, abinda fata ta shanye baya canzawa lokacin gwaji don haka yana fita daga lissafin, amma matsalar ita ce ɗan abinda ya rage ya isa fotodayod ya yi kaɗan har yana gab da nutsewa a cikin hayaniyar lantarki. Da na duba tsoffin fayilolina sai naga layin 760 nawa da na ƙanena duk sun fi na ɗalibin nan kaushi.

Wannan ba ƙaramar magana bace a wurina. A ƙarshen 2020 masu bincike a jami'ar Mishigan sun wallafa cewa abin awon oksijin na yatsa yana kasa gano ƙarancin oksijin a baƙaƙen marasa lafiya kusan ninki uku fiye da farare. Wancan na'urar asibiti ce, tawa ta motsa jiki ce, amma tushen ɗaya ne, haske ne ke bi ta fata, kuma in ba a gwada abu a kan fata iri-iri tun ana ƙera shi ba to wasu zai yi wa aiki ya bar wasu. Bazan ce na gama na'urar nan ba sai ta bada layi mai tsabta a kan fata mafi duhu da zan samu.

Abinda nayi: yanzu da an ɗora sensa manhaja na fara gwada ƙarfin kowace fitila daban, tana ƙarawa har siginar ta kai tsakiyar ma'auni sannan ta kulle a nan. Fitilun kuma walƙiya suke yi gajeru maimakon su zauna a kunne, don kar su ɗumama fata, tunda fata in tayi ɗumi jininta na ƙaruwa shima ya shiga awon.

9 ga Nuwamba

Allo na biyu ya haɗu. Fotodayod uku a milimita 30, 35, 40, da na huɗu a milimita 10 wanda kusan fata da kitse kawai yake gani, niyyata in riƙa cire nasa daga na nesa. Na maye filasta da maɗauri mai roba, gumi ya daina ɗaga shi. Na 40 ɗin a cinyata siginarsa rauni gareta har yanzu, sai na ƙara masa amfilifaya.

Yanzu tana fitar da kaso. A zaune tana bani tsakanin 60 da 70, wanda yayi daidai da abinda ake gani a tsoka mai hutawa, amma na cire na mayar sau shida a gurbi ɗaya lambar na yawo da maki biyar zuwa shida, in na ƙara matse maɗaurin ma ta canza. Saboda haka kason nan a gefe nake rubuta shi, wanda nake dogara da shi shine na ɗaurin cinya.

20 ga Nuwamba

Mun fara abinda tun farko yafi jan hankalina, wato saurin farfaɗowar tsoka bayan aiki. Britton Chance ya auna wannan a cinyar ƴan tseren kwale-kwale tun 1992, daga baya Terence Ryan da Kevin McCully a jami'ar Jojiya suka fito da hanyar da muke bi a 2012: a motsa tsoka na ɗan lokaci, a tsaya, sai a riƙa hura maɗauri na daƙiƙa biyar zuwa goma ana saki ana sakewa har kusan minti biyar. Gangaren layin a kowane ɗauri yana nuna yadda tsokar ke cin oksijin a wannan lokacin, da farko gangaren tsaye yake sannan yayi ta kwanciya, saurin kwanciyar kuma yana nuna ƙarfin mitokondiriya, wato sassan ƙwayar tsoka da ke ƙona oksijin. Abinda yasa nake son wannan awon, lokaci yake aunawa ba girman sigina ba, don haka kitse da launin fata basu cika taɓa shi ba muddin layin ya fito da tsabta.

Na ƙanena ya fito da kyau, ɗigo goma sha biyar sun zauna a kan lanƙwasa ɗaya. Nawa ɗigo huɗu na farko sun watse, ina zargin jinin da ke sake rarrabuwa a ƙarƙashin sensa duk sanda maɗauri ya matse, akwai gyaran lissafi da su Ryan suka bayar don wannan kuma ban saka shi ba tukuna. Shine aikin makon nan. Bawul ɗin ma da hannu Malam ke buɗewa yana kallon agogo, zan haɗa shi da ESP32 ɗin don lokacin ɗauri da saki ya shiga fayil kai tsaye. Mutum uku sun yarda su zo ranar 29, biyu daga ciki fatarsu tafi tawa duhu, kowa za ayi masa awon kitse da ɗaurin minti biyar a zama ɗaya ba tare da an ɗaga sensa ba, sannan a maimaita bayan kwana bakwai a ga ko lambar zata dawo inda take.